Safar da Nives Ta Ƙi Ratayewa

Duk wanda ya shiga shagon shan kofi na kulob ɗinmu, idonsa zai fara sauka ne a bangon da ke bayan kanta, inda aka jera safunan hannu na fata. Farare ne tas, kowace da sunan mai ita da zare ruwan zinare, kuma babu wadda ƙwallo ta taɓa faɗawa cikinta. A ƙarshen layin akwai wata ƙusa tsirara. Baƙi sukan tambaya ko wata safar ce ta faɗo. Babu abin da ya faɗo. Ƙusar Nives Cavatorta ce, kuma duk ranar da na kalle ta sai kofin ya ƙi min daɗi a baki.

Ni ce Ombretta, mai jifa a ƙungiyar sofbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, ta matan garinmu. Shekara ashirin da ɗoriya ina tsakiyar fili ina wurga ƙwallo, Nives tana tsugune a bayan mai duka tana cafewa. Na fi sanin tafin safarta a kan fuskar mijina. Na gaya masa haka kuma bai ji haushi ba, don ya san gaskiya ce.

Bari in fara da al'adar bangon nan, don daga nan masifar ta taso. A kulob ɗinmu ba a korar kowa. Mu ai mutanen kirki ne. Idan shugabanni suka ga ƙarfinki ya fara ja da baya, babu mai zaunar da ke ya ce, "Wance, lokaci ya yi." Sai a bari sai an taru cin abincin rufe kakar wasa, a dafa kafaɗarki a gaban jama'a a ce, "Ki leƙa wurin Baba Adelmo ki zaɓi safarki." Shi ke nan, an gama da ke. Kowa ya tafa, ke kuma ki yi yaƙe. Ki je wurin baduku ki zaɓi farar fata mai laushi, a ɗinka sunanki, in sanyi ya wuce a yi biki a rataye ta. Wai girmamawa ke nan. Ni dai abin da nake gani shi ne ƙattin maza masu tsoron buɗe baki suna fakewa a bayan tsohon baduku.

Nives 'yar ma'aikacin gidan cuku ce. Tana 'yar shekara goma sha uku ta rako yayanta fili, ana tsakiyar wasan maza ƙwallo ta kauce ta nufo fuskarta. Ba ta goce ba, ta sa hannu tsirara ta cafe, ta mayar musu. Washegari aka tsugunar da ita a bayan mai duka.

A lokacin ƙungiyar mata ba ta da ko tsinke nata na kanta. Duk abin da mazan besbol suka gaji da shi, shi ake jefo mana: riguna masu warin gumin wani, sandunan da suka tsage, har da safa. Safar maza kuwa don ƙaramar ƙwallonsu aka yi ta, kwarminta ɗan mitsitsi, gefenta mai kauri kamar burodi. Tamu ƙwallon ƙatuwa ce, ba ta samun wurin zama a ciki, sai ta daki babban yatsa ta yi tsalle ta fice. Sau biyu yatsan Nives yana karyewa kafin ta gama makaranta. Mai tsohuwar safar da aka jefo mata kuwa wani matashi ne a lokacin, Gualtiero Schianchi, wanda yau shi ne shugaban kulob. Har gobe in ya sha giyar inabi ya yi ɗumi sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ai da safata Nives ta koyi wasa." Ko kunya ba ya ji.

Da ta girma ta gaji aikin ubanta. Tana wuni a ɗakin ajiya tana goge manyan dunƙulen cuku, tana juya su, kowane ɗaya ya kai nauyin yaro. Ita ce kuma mai bi da ɗan guduma tana ƙwanƙwasa su, ta kara kunne, daga ƙarar ta san wanda ya nuna lafiya da wanda ke da rami a ciki. Ta auri Tullio direban motar makaranta, ta haifi ɗa namiji, ba ta ko yaye shi ba ta dawo fili. Ba mai yawan magana ba ce a gari, amma in ta sa ƙarfen kare fuska ta tsuguna sai bakin ya buɗe. Za ki ji tana tambayar mai duka, "Ya jikin mamanki? An cire mata ɗinkin?" Baiwar Allah tana ƙoƙarin amsawa, ƙwallona ta riga ta wuce.

Ƙwallon tawa kuwa in ta shiga safar Nives, ƙara take yi. Tau! Kamar an harba bindiga. Masu wucewa a kan titi suna ji, tsofaffin da ke zaune a katakon 'yan kallo suna sakin ihu. Shi ya sa aka sa min suna Igwa, kuma na amsa sunan da hannu biyu. Na sha ganin 'yan wasan baƙi suna jin ƙarar nan tun muna ɗumama jiki, su kalli juna, kafin su shigo duka sun riga sun tsorata. Ni ma in na ji ta sai ƙirjina ya buɗe, in ji babu wadda ta isa.

Sai kakar wasan da ta wuce waccan ta ƙare. Mun yi abin kirki a shekarar, Nives ba ta fashe wasa ko ɗaya ba. Aka jera dogayen tebura a ƙarƙashin rumfa ranar Lahadi da rana, ga taliyarmu mai cushen ganye da cuku tana iyo cikin man shanu, ga inabi. A can ƙarshen tebur ga Ginevra, yarinya mai cafewa 'yar shekara goma sha tara da aka ɗago daga ƙungiyar yara. Tana da hannu, tana da sabuwar gwiwa, kuma ba ta da laifin komai a cikin labarin nan.

Ina tsakiyar ci na ga Gualtiero ya miƙe da kofinsa, ya zagayo ta bayan Nives, ya ɗora mata hannunsa mai gumi a kafaɗa.

"Nives tamu! Ginshiƙinmu! Cikin satin nan ki leƙa wurin Baba Adelmo, kin ji? Ki zaɓi duk wadda ranki ke so, kulob ya ɗauki nauyi."

Tafi ya kaure. Ni kuwa cokali na buga a faranti na miƙe.

"Shugaba, me ta yi?"

"Haba Ombretta, yau ranar farin ciki ce."

"Farin cikin wa? Wace ƙwallo ce ta kuɓuce mata bana? Wace mai gudu ce ta wuce ta? Faɗa min ɗaya tak in zauna."

"Gwiwa, 'yar'uwa, gwiwa. Arba'in da uku fa ba wasa ba ce."

"Gwiwarka ce? Kai da ba ka iya ɗaure igiyar takalmi sai ka nemi kujera, kai ne mai duba gwiwar mutane?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai cikin faranti. Nives ta jawo gefen rigata.

"Zauna, Igwa, abincinki zai huce." Sannan ta ɗaga kai ta dubi Gualtiero. "Duk wadda raina ke so, ka ce?"

"Duk wadda ranki ke so."

"To, na gode."

Ta ci gaba da cin abincinta. Wallahi a lokacin haushinta ya fi na Gualtiero cina. Na tsaya ina tayar da jijiyar wuya a kanta, ita kuma tana side man shanu da burodi.

Duk da haka na raka ta wurin Baba Adelmo. Tsoho ne da ya fara da ɗinkin takalma, daga baya ya koma yi wa duk ƙungiyoyin kwarinmu safa. Kafin mu iso labari ya riga mu, har ya shimfiɗa farar fata a kan tebur.

"Sannu, 'yata," ya ce da Nives. "Na ji abin da ya faru. Ga ta nan, taɓa ki ji, kamar kuncin jariri."

"Naɗe ta, Baba. Ina kirgin bijimin nan mai taurin kai?"

"Wanda zai cinye miki lokacin sanyi kaf kafin ya yi laushi? Ta bango ce fa. Bango ba ya jifa."

"An ce duk wadda raina ke so."

Tsohon ya kalle ta ta saman tabarau, ya kalle ni, ya shiga ciki ya jawo kirgin. Nives ta ja kujera ta fara zayyano masa, kamar mai shirin wasa shekara goma nan gaba. Kwarmi ya yi zurfi ya yi faɗi, yadda ƙwallonmu za ta zauna ta yi shiru. Gefe ya zama siriri don safar ta rufe da wuri. Saƙar da ke tsakanin babban yatsa da sauran a rufe ta ruf, ba ta son ko huda ɗaya. A ƙara wa babban yatsa tallafi daga ciki. Wuyan hannu a matse shi, hannun mace ne zai shiga ba na ɗan dambe ba.

"Launi fa?" in ji Baba Adelmo.

"Tafin ya zama baƙi wuluk." Ta nuna ni da haɓa. "Wannan idonta ya fara tsufa, in rana ta yi sanyi ba ta ganin safa mai ruwan ƙasa."

"Idon wa?" na ce. "Ke dai ki ji da gwiwarki."

Amma zuciyata ta yi fari. Na ce a raina ashe matar nan faɗa za ta yi, ba sallama ta zo yi ba.

"Sai soson tafi," Nives ta ce. "Ka san yadda muke yi."

Baba Adelmo ya ajiye wuƙarsa. "A'a. Wannan karon kam a'a. Kawo hannun nan." Ya kamo hannunta na hagu ya juya shi a ƙarƙashin fitila. Manuniyarta ta karkace kamar ƙugiya, gindin yatsan ya kumbura ya yi tauri, tafin duk ya dafe. Kullum ina ganin hannun nan, amma ban taɓa ganinsa a hannun wani ba. "Duk safar da na yi miki sai kin sa na zare soson wurin nan. Kina so ki tsufa ana ba ki miya a baki?"

"Wane soso?" na tambaya.

"Wanda ke tare wa tafi zafin ƙwallo mana," in ji tsohon. "Kowace mai cafewa cewa take a ƙara mata. Wannan ita kaɗai ce…"

Nives ta yi masa wani kallo, ya haɗiye sauran.

"Me ya sa kike cirewa?" na ce da ita.

"Ina ruwanki? Ke jifa ne aikinki."

Na bar maganar. Na ɗauka don ta riƙa jin ƙwallon a hannunta ne, masu cafewa kowace da irin haukarta. Suka yi ta ja-in-ja har tsohon ya gaji ya ce hannunta ne ba nasa ba. Da za mu fita ya tuna mata cewa Shugaba ya bugo waya ya faɗi abin da za a ɗinka: "Mun gode, Nives."

"A ɗinka," ta ce. "A gefe, wajen babban yatsa, da manyan baƙi. Zaren zinaren nan nasu kuma kada ka yi rowarsa."

Safar ta fito da tauri kamar katako. Duk lokacin sanyin nan Nives tana fama da ita. Ta shafe ta da mai, ta jibge ta da gudumar itace, ta cusa ƙwallo a ciki ta ɗaure da igiya ta ajiye. Ranar Lahadi bayan an ci abincin rana sai in same ta a ɗakin ajiyar cuku, don fili ya daskare. Akwai doguwar hanya tsakanin kantoci, cuku jere hagu da dama har rufi. Ita ta tsuguna a can ƙarshe, ni in juya hannu in saki ƙwallo. Da farko ƙarar ba ta wuce fuf, kamar an jefa dutse cikin katifa. Sai in ga ta karkata kai tana saurare, daidai yadda take yi wa cuku, ta ɗan gyara inda za ta tarbi ƙwallon, ta ce, "Kuma."

Rannan na saki wata, sai ɗakin ya amsa. Tau!

"Yauwa," Nives ta ce. "Ta nuna."

"Hannuna ya dawo!" na ce, ina tsalle kamar yarinya. Ita kuwa ta zare safar ta kai hannun bayanta tana yarfewa.

Sanyi ya wuce, aka sa ranar biki, Lahadin ƙarshe kafin wasan farko. Shagon kofi ya cika maƙil. Gualtiero ya sa rigar kwat ɗin da ya yi aure da ita, maɓallin tsakiya yana neman ceto. Ya hau kujera da guduma ya kafa ƙusa, aka tafa. Ya sauko ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan tsohuwar safarsa. Sannan ya miƙa hannu biyu.

Nives ta buɗe jakarta ta fito da ita. Baƙa ƙirin, ta sha mai, ta lanƙwashe daidai hannunta, tafin duk tabon ƙwallo. Zaren zinaren ne kawai ke ƙyalli.

Murmushin Gualtiero ya tsinke. "Mene ne wannan? Nives, wa ya ɓata ta haka? Ya za a yi mu rataye wannan a cikin farare?"

"Gualtiero," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "tare muka girma. Safarka ce ta karya min yatsa, ban taɓa yi maka gori ba. Abu ɗaya nake so a wurinka. Ka dube ni ka ce, 'Nives, ba ma buƙatarki.' In ka faɗa da bakinka, ni da hannuna zan rataye ta, in sha inabi in tafi gida."

Gualtiero ya yi dariyar yaƙe.

"Haba, haba! Wa zai faɗi haka? Ke ai tamu ce har abada."

"To ni zan cafe ranar Asabar?"

"Wannan kuma… ai kin san ba ni kaɗai ba ne… akwai kwamiti, akwai koci…"

Ta juya ta dubi kocin. Shi kuwa ya ga wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa. Ta bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya da ido. Kalma huɗu kawai ta roƙa, bayan shekara talatin a tsugune, aka rasa namiji ɗaya da zai ba ta.

"To," ta ce. Ta maƙale safar a hammata ta fita.

Abin da na gaya musu a shagon nan ba zai rubutu ba duka. Na dai tuna na ce da Gualtiero matsoraci, na ce tun da ga ƙusa babu kowa a kai ya rataye kwat ɗinsa, in ya ga dama da shi a ciki. Na ture kujera na bi bayanta, na same ta tana buɗe ƙofar mota.

"Ina za ki?"

"Tsallaken rafi. Mai cafewarsu tana da juna biyu, suna nema."

Tsallaken rafi! Ƙauyen da tun kakanninmu ba ma ga maciji da su, waɗanda ko cukunsu ba ma yarda mu ce yana da daɗi.

"Zan bi ki."

"Ba za ki bi ni ba. Babanki ne ya kafa katakon 'yan kallon can da hannunsa. Kuma yarinyar nan tana buƙatar wadda za ta riƙa jefo mata abin kirki. Koma ciki, Igwa, ki ɗaga kujerar da kika kayar."

Muna cikin wata na biyu da fara kaka mutanen tsallaken rafi suka zo filinmu. Garin kaf ya fito. Ina can gefe ina ɗumama hannu da Ginevra, sai na ji ƙarar nan daga ɗaya ɓangaren. Tau!

Na waiwaya. Mai jifarsu wata siririyar yarinya ce da na sani sarai, jifarta ko gilashin taga ba za ta fasa ba. Ta sake juya hannu ta saki, ina kallon ƙwallon tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Tau! 'Yan wasanmu suka daina abin da suke yi suna kallon juna. Yarinyar kuwa sai wani buɗe ƙirji take, tana taku ɗai-ɗai.

Na juyo wurin Ginevra na tattara duk ƙarfina na saki. Fuf. Na sake. Fuf. Safarta ta kanti ce, cike da soso, yadda duk mai hankali zai saya. Tun farkon kaka haka nake ji, ina ta ɗora laifin a kan kafaɗata, ina shafa magani, ina cewa tsufa ne ya zo. Ranar nan na tsaya da ƙwallo a hannu, na tuna Baba Adelmo yana juya hannun nan a ƙarƙashin fitila.

Wasan ya lalace mana tun daga farko. Ni ina tilasta hannu don in ji ƙara, ƙwallo tana tafiya inda ta ga dama. 'Yan dukanmu kuma tsoro ya sa suna kai sanda tun ƙwallon ba ta iso ba. Sau ɗaya kyaftin ɗinmu ta kwaso da gudu za ta ci mana maki, Nives ta tare hanya ta dafa mata safar a cinya, alƙali ya ce ta fita. Nives ta ɗan jinkirta kafin ta ɗauke hannu, gefen zaren zinaren yana fuskantar 'yan kallo. Wani tsoho daga cikin mutanen tsallake ya karanta da ƙarfi, "Mun gode, Nives!" Duk ɓangarensu suka ɗauka suna rerawa. Gualtiero ya yi ja kamar tumatir.

Da layi ya zo kaina na ɗauki sanda na shiga. Tana tsugune a bayana, ina jin ƙamshin man safar.

"Sannu, Igwa. Ya kafaɗa?"

"Kada ki yi min magana."

"Kina tilasta hannunki. Jifarki ta yau daidai take da ta bara, ba ta ragu da komai ba. Kunnenki ne kawai ke jin yunwa."

"Mata, wasa muke ko hira?" in ji alƙali.

Ƙwallo uku suka wuce ni ina tsaye, alƙali ya fitar da ni.

Bayan an tashi na same ta a bayan bencinsu, ita kaɗai, hannun hagu cikin bokitin ƙanƙara. Na tsaya a kanta ina huci.

"Soson nan. Don ƙara kike cire shi."

"Ba soso kaɗai ba ne. Sai kin san inda za ki tarbe ta, nan daidai gindin manuniya."

"Shekara ashirin kina yi min ƙarya!"

"Wace ƙarya? Ke kike jifa, ba ni ba. Ranar da aka fara sa ki kina 'yar sha bakwai, saura kaɗan ki yi kuka a tsakiyar fili. Ƙwallo ɗaya ta faɗa min a wurin nan bisa kuskure ta yi ƙara, sai na ga kin miƙe. To na ci gaba da ba ki."

"Da hannunki?"

"Da na wa kike so?"

Ta ciro hannun daga ƙanƙara. Ya kumbura, yatsun sun ƙi rufuwa. Na rasa wa zan fara shaƙewa, ita, ko Gualtiero da ya yar da mace irin wannan ba tare da ya iya furta kalma huɗu ba. Hawaye ya zo min, na haushi ne zalla. Na ce mata mahaukaciya. Ta ce ta ji, in miƙo mata tawul.

Har yau tana cafe wa mutanen tsallake. Siririyar yarinyar nan yanzu ana jin tsoronta a duk kwarin, har an fara neman sunan da za a sa mata. Gualtiero kuwa lokaci-lokaci yakan aika wa Tullio saƙo wai safar ta kulob ce, ƙusa tana jira. Nives takan ce a gaya masa ya san abin da zai zo ya faɗa. Bai je ba.

Ranar Litinin da ta biyo bayan wasan nan na iso atisaye na tarar da Ginevra zaune a kan benci, safarta a cinya, ƙaramar wuƙa a hannu, tana neman bakin igiyar tafi. Ashe tana kusa lokacin da muke magana a bayan benci.

"Anti Ombretta," ta ce, "na je wurin Baba Adelmo ya kore ni. Amma in kika nuna min wurin, ni zan iya zare shi da kaina. Ba na jin tsoron zafi."

Na dubi hannunta. Yatsu miƙaƙƙu, sumul, har da jan farce. Na fizge wuƙar na wurga ta bayan shinge, jifa mafi kyau da na yi a kakar nan.

"In kika kuskura kika taɓa soson nan, ni zan karya miki yatsan kafin ƙwallo ta karya. Kina jina? Tashi ki tsuguna."

Ta tashi, ta sa ƙarfen fuska, ta tsuguna. Na koma tsakiyar fili, na juya hannu, na saki.

Fuf.

"Kuma," na ce.